Kunnen mai sa kiɗa, da naku



Kun san DJ, yaron nan da ake ɗauka ya sa kiɗa a biki. Shi ya fi kowa kusa da lasifika, tun la'asar har tsakar dare. To, can cikin kunne akwai wasu ƙwayoyi masu kama da gashi, su ke karɓar sauti. Ƙara mai yawa tana kashe su, kuma in sun mutu ba sa sake tsirowa. Da shuuu a kunne abin ke farawa, bayan an tashi biki. A hankali sai DJ ya riƙa jin kamar kiɗan ya yi ƙasa, ya ƙara murɗawa. Kun ga ke nan larurarsa ta shafi kowa a wurin, har jaririn da ke goye.

Ba wai sana'arsa ta ƙare ba. A Landan akwai Troi Lee, kurma tun haihuwa, wanda ya kafa Deaf Rave a 2003. Irinsu a ƙirji da tafin ƙafa suke jin bugun kiɗa, suna kallon zanen sautin a kwamfuta. Amma kai makiyayi fa? Da kunne kake gane motsi a garke cikin dare, ba wata kwamfuta.

In sai kun ɗaga murya na gabanku zai ji, ƙarar ta yi yawa, ku matsa nesa da lasifika. Shuuu ɗin in ya kwana biyu, a tafi asibiti, kada a tsaya ɗiga mai a kunne.