Yaƙi da Zaɓen Wakilin Ƙasa a Gasar Waƙa ta Turai



Wannan lacca za ta duba wani sha'ani wanda a ido abin wasa ne, amma yana ɗauke da darasi babba game da mulki da aikin hukuma, watau yadda yaƙi yake taɓa zaɓen mawaƙin da zai wakilci ƙasarsa a gasar waƙa ta ƙasashen Turai, wadda aka sani da sunan Eurovision. An fara wannan gasa a shekarar 1956 a birnin Lugano na ƙasar Suwizalan, ƙasashe 7 ne suka shiga a lokacin. Ƙungiyar Gidajen Rediyo da Talabijin ta Turai ce ke shirya ta, kuma gidajen talabijin na gwamnati su ne 'yan takara a hukumance. Kowane gida yakan zaɓi waƙa guda da mai rera ta, ko dai ta hanyar gasar cikin gida inda alƙalai da jama'a ke jefa ƙuri'a, ko kuwa ta hanyar kwamiti. Dokar gasar ta hana shigar da siyasa cikin waƙa.

A zaman lafiya tambayar da masu zaɓe ke yi guda ce: wace waƙa ta fi daɗi? Idan yaƙi ya ɓarke sai wata tambaya ta danne wannan, watau wane ne ya cancanci ya yi magana da sunan ƙasa, kuma me aka yarda ya faɗa? Za a bi wannan magana ta fuska huɗu, kuma mafi yawan misalan za su fito daga ƙasar Yukren, gama a can ne al'amarin ya fi bayyana, sa'an nan a kwatanta da Bosniya da wasu ƙasashe.

Wanda ya cancanci shiga takara

A watan Maris na 2014 Rasha ta haɗe yankin Kirimiya, wanda Yukren da Majalisar Ɗinkin Duniya suke ɗauka a matsayin yankin Yukren. Tun daga nan dokar Yukren ta haramta wa kowa shiga Kirimiya ta ɓangaren Rasha. Ba a daɗe ba wannan doka ta isa fagen waƙa. A 2017, sa'ad da Kiyev ta karɓi baƙuncin gasar, hukumar tsaron Yukren ta hana wakiliyar Rasha, Yuliya Samoylova, shiga ƙasar, don ta yi wasa a Kirimiya a 2015. Rasha ta janye daga gasar wannan shekara.

A 2019 kuwa abin ya juyo kan 'yan ƙasa. Wata mawaƙiya mai suna Maruv ta lashe gasar cikin gida, wadda ake kira Vidbir, alhali tana da wasannin da ta shirya yi a Rasha. A gaban jama'a ɗaya daga cikin alƙalai ta tambaye ta ko Kirimiya ta Yukren ce, ta amsa da cewa lalle haka ne. Duk da haka gidan talabijin ya kawo mata yarjejeniya mai tsauri wadda ta hana ta wasa a Rasha, ita kuwa ta ƙi sa hannu, tana cewa ba za ta zama kayan aikin 'yan siyasa ba. Aka nemi waɗanda suka zo na biyu da na uku, su ma suka ƙi. Ƙarshenta Yukren ba ta aika da kowa ba a wannan shekara. Abin lura a nan shi ne, an kawo sharaɗin ne bayan an gama ƙirga ƙuri'u. Kafin zaɓen 2020 sai hukumar ta gyara, ta rubuta a fili cewa duk wanda ya yi wasa a Rasha bayan 2014, ko ya shiga Kirimiya ta haramtacciyar hanya, ba zai shiga takara ba.

Wannan doka ce ta yi aiki a 2022. Ran 12 ga Fabrairu Alina Pash ta lashe Vidbir. Nan take aka ta da maganar wata tafiya da ta yi zuwa Kirimiya a 2015, aka kuma yi shakkar takardar da aka gabatar don nuna cewa ta bi halattacciyar hanya. Ran 16 ga wata ta janye. Ran 22 ga wata aka ba ƙungiyar Kalush Orchestra wakilci, su ne suka zo na biyu, ko da yake su suka fi samun ƙuri'un jama'a. Bayan kwana biyu, ran 24 ga Fabrairu, sojojin Rasha suka afka wa Yukren. Watau kafin a harba harsashin farko na wannan babban yaƙi, takardar kan iyaka ta riga ta yanke hukuncin da murya da kiɗa suka kasa yankewa.

Inda ake zaɓe da yadda ake fita

Fuska ta biyu ita ce ta wahalar aikin kansa. A farkon 1993 birnin Sarayevo yana kewaye da mayaƙan Sabiyawan Bosniya, babu isasshen ruwa, babu wutar lantarki, ana luguden wuta dare da rana. Cikin wannan hali gidan talabijin na Bosniya ya shirya zaɓe, aka ɗauki Muhamed Fazlagić da ƙungiyarsa mai suna Fazla, da wata waƙa da ke bayyana baƙin cikin ƙasar. Babu hanyar fita daga birnin sai a tsallake filin jirgin sama da ƙafa cikin dare, inda maharba ke dako, sa'an nan a hau dutsen Igman. Haka tawagar ta yi har ta kai Lubliyana, inda aka yi zagayen share fage ran 3 ga Afrilu, Bosniya ta sami gurbi tare da Sulobeniya da Kuroshiya. A babbar gasa, wadda aka yi a garin Millstreet na ƙasar Ailan ran 15 ga Mayu, wani ɗan Ailan, Noel Kelehan, shi ya jagoranci makaɗan waƙar Bosniya. Ta zo ta 16 cikin ƙasashe 25. Da aka zo karɓar ƙuri'u, sai aka ji muryar mai magana daga Sarayevo tana fitowa da ƙyar ta wayar tarho, jama'ar zauren suka ɗauki tafi. Ƙasar da ba ta daɗe da samun 'yancin kai ba ta sa an kira sunanta a jerin ƙasashen Turai, kuma wannan shi ne abin da ta je nema.

Kusan shekara 30 bayan haka Yukren ta shiga irin wannan hali. Dokar ta-ɓaci ta hana maza masu shekara 18 zuwa 60 fita daga ƙasar, saboda haka sai da gwamnati ta ba 'yan Kalush Orchestra izini na musamman kafin su tafi birnin Turin na Italiya. Ɗaya daga cikinsu ya tsaya cikin masu tsaron Kiyev, aka sa wani a madadinsa. Ran 14 ga Mayu 2022 suka lashe gasar da maki 631, daga ciki 439 na jama'a masu kallo ne. Daga baya suka yi gwanjon kofin a kan dala 900,000, aka ba da kuɗin don sayen jirage marasa matuƙi ga sojoji.

A al'ada ƙasar da ta ci ita ke karɓar baƙuncin gasa ta gaba, amma saboda rashin tsaro aka kai ta 2023 birnin Liverpool na Ingila a madadin Yukren. Zaɓen cikin gida kuwa an yi shi ran 17 ga Disamba 2022, a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Maidan Nezalezhnosti da ke tsakiyar Kiyev, wadda mutane ke fakewa cikinta in an yi ruwan bama-bamai. Jama'a sun jefa ƙuri'a ta manhajar gwamnati mai suna Diia, kuma ta ita suka zaɓi alƙalan kansu. Ƙungiyar Tvorchi ce ta yi nasara, mutum biyu ne, Andrii Hutsuliak da Jeffery Kenny. Shi Kenny ɗan Nijeriya ne, ya je garin Ternopil karatun haɗa magunguna, can suka haɗu da abokinsa. Waƙarsu ta samo asali daga jaruntakar waɗanda suka kare masana'antar ƙarfe ta Azovstal a Mariupol. A daren gasar, ran 13 ga Mayu 2023, makamai masu linzami suka faɗa Ternopil. Tvorchi ta zo ta 6. Ya kamata a lura cewa ƙasar da ta tsananta bincike kan tafiye-tafiyen 'ya'yanta ita ce kuma ta yarda baƙo ya ɗauki tutarta. Abin da ake aunawa a lokacin yaƙi shi ne ɓangaren da mutum ya tsaya, asalin haihuwarsa ya koma baya.

Abin da aka yarda waƙa ta faɗa

Fuska ta uku ta shafi baitocin waƙa. Bayan yaƙin Jojiya da Rasha na watan Agusta 2008, sai ga shi gasar 2009 a Mosko za a yi ta. Jojiya ta zaɓi waƙar da sunanta ke yi wa Vladimir Putin habaici. Ƙungiyar Turai ta ce a canja baitocin ko a kawo wata, Jojiya ta ƙi, ta janye. A 2016 kuwa Jamala ta Yukren ta kawo waƙa mai suna “1944”, a kan yadda gwamnatin Stalin ta kwashe Tatar na Kirimiya, al'ummar Musulmi, zuwa tsakiyar Asiya a wannan shekara. Mutane da yawa a Rasha sun yi kuka cewa da 2014 ake nufi, amma masu gasa suka ce tarihi ne, suka bari, ta kuwa lashe gasar a Stockholm. A 2024, cikin yaƙin Gaza, aka ƙi karɓar waƙar farko da Isra'ila ta gabatar don an ga tana nuni ga harin 7 ga Oktoba 2023. Sai da aka sake baitocin da sunan waƙar kafin a bar Eden Golan ta rera ta a Malmö, inda ta zo ta 5, ana zanga-zanga a titunan birnin.

Wani lokaci kuma yaƙi ne ke canja ma'anar waƙa ba tare da an taɓa ko kalma ɗaya ba. Oleh Psiuk na Kalush Orchestra ya tsara “Stefania” ne don yabon mahaifiyarsa, tun kafin mamaya. Bayan 24 ga Fabrairu sai jama'a suka riƙa jin ta a matsayin kirari ga ƙasar haihuwa. Wannan ya nuna iyakar dokar hana siyasa, gama kwamiti yana iya tace baiti, amma ba shi da iko a kan abin da mai sauraro zai ji.

Waɗanda ba su halarta ba

Fuska ta huɗu ita ce inda yaƙi ke hana zaɓen baki ɗaya. Bayan takunkumin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa a 1992, an daina ganin Yugoslabiya a gasar, sai a 2004 ta dawo da sunan Sabiya da Montenegro. Armeniya ta ƙi zuwa Baku a 2012 saboda gabarta da Azarbaijan a kan Nagorno-Karabakh, ta kuma janye a 2021 bayan yaƙin 2020. Ran 25 ga Fabrairu 2022, kwana ɗaya bayan fara mamaya, aka cire Rasha, bayan gidajen talabijin da dama sun matsa lamba. A watan Disamba 2025 kuwa Sifen, Holan, Ailan, Sulobeniya da Aisilan suka sanar da cewa ba za su shiga gasar 2026 ba, saboda an bar Isra'ila a ciki. Masu sukar ƙungiyar suna cewa ta auna Rasha da mudu ɗaya, Isra'ila da wani. Ita kuwa tana amsawa da cewa gasar ta gidajen talabijin ce, kuma da halin kowane gida take yin hukunci. Ko wanne ya fi gaskiya, wannan jayayya ta nuna cewa yaƙin wata ƙasa yakan shiga zaɓen ƙasashen da ba su harba ko bindiga ɗaya ba.

Kammalawa

Ba laifi ba ne ƙasar da ke cikin yaƙi ta kula da wanda zai ɗauki tutarta, gama minti uku a gaban masu kallo fiye da miliyan 150 dama ce da jakadu ke daɗewa ba su samu ba. Amma abin yana da tsada. Mawaƙi yakan zama jakada ba tare da ya nema ba, a riƙa bincikar fasfonsa fiye da muryarsa, wanda kuma ya yi nasara ba zai rabu da masu cewa tausayi ne ya ba shi ba.

Ga ma'aikacin gwamnati darasin yana cikin bambancin 2019 da Disamba 2022. A 2019 an kawo sharaɗi bayan jama'a sun yi zaɓe, sai aka rasa wakili, aka rasa amincewa. A Disamba 2022 an rubuta doka tun da wuri, an sanar da kowa, an ba jama'a hannu har wajen naɗa alƙalai, kuma ko da yake a ƙarƙashin ƙasa aka yi taron, an sami wakili. Duk hukumar da aka ɗora wa zaɓen wakili a lokacin tashin hankali, ko a fagen waƙa ne, ko wasanni, ko neman ilmi, wajibi ne ta bayyana ma'auninta kafin a fara, ta kuma tsaya a kansa bayan an gama. Ɗalibin tarihi kuwa, in yana son ya san halin da wata ƙasar Turai take ciki a wata shekara, ya duba wanda ta aika wannan gasa, da wanda ta hana zuwa, da dalilin da ta bayar.

Allah ya kawo ƙarshen yaƙe-yaƙe, ya zaunar da ƙasashe lafiya.