Nehemiya Ya Ji Tsoro, Amma Ya Buɗe Baki

Karatu: Nehemiya 2:1-8

Yau maganata da matasanmu ce, waɗanda suka gama digiri na farko, suka yi bautar ƙasa, suna kuma marmarin ci gaba da karatu, ko a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ko a Jami'ar Jihar Kaduna da aka kafa a 2004, ko ma a Ingila da Amurka. Iyaye, ku ma ku kasa kunne, gama nauyin yana kanku.

Daga tashar Kawo zuwa Zariya kamar kilomita 80 ne, amma wani yakan shekara biyu bai yi wannan tafiya ba. Me ya tsare shi? Tsoro. Dole ya nemi malamin da zai duba aikin bincikensa, musamman in digiri na uku yake nema. Sai ya rubuta wasiƙa ya yage, ya sake rubutawa ya yage. Zuciyarsa tana ce masa, wane ne kai da farfesa zai amsa maka? Sakamakonka bai kai ba. Ba ka da kowa a can. Wataƙila ma da an ga sunanka na Kirista za a ture takardarka gefe.

Ku dubi Nehemiya. Shi baƙo ne a fadar Shushan, mai shayar da Artashate, sarkin Farisa, wanda ba jama'arsu ɗaya ba, ba addininsu ɗaya ba. Ya ji labarin rushewar garun Urushalima a watan Kisle, bai yi wa sarki magana ba sai watan Nisan, wato wajen wata huɗu yana addu'a. Ranar da sarki ya lura da fuskarsa a ɓace, Littafi Mai Tsarki bai ɓoye mana ba, ya ji tsoro ƙwarai. Ashe bawan Allah ma gabansa yakan faɗi. Saboda haka, ɗana, 'yata, faɗuwar gabanku ba rashin bangaskiya ba ce.

Amma ga abin da nake so ku riƙe. Da sarki ya tambaye shi abin da yake so, Nehemiya ya yi addu'a a zuciyarsa, nan take kuma ya ba da amsa a shirye. Ya faɗi inda za shi, da aikin da zai yi. Ya sa lokacin komowarsa. Ya roƙi wasiƙu zuwa ga masu mulkin hayin Kogi, da wata zuwa ga Asaf mai lura da kurmin sarki, domin katakon ƙofofi. A cikin watanni huɗun nan, yana addu'a yana kuma lissafi.

Haka za ku yi. Kafin ku rubuta wa malami, ku karanta abin da ya wallafa, ku san fanninsa. Wasiƙar ta zama gajera: ko ku wane ne, abin da kuka karanta, tambayar da kuke so ku bincika, da dalilin da ya sa shi kuka nufa. Ku nemi takardar sakamakonku tun da wuri, gama takan ɗauki lokaci. Ku roƙi tsofaffin malamanku su rubuta muku shaida. Kada ku ƙara wa kanku makin da ba ku ci ba, domin ƙarya ba ta gina garu.

In mako biyu ya wuce ba amsa, ku sake tuna masa cikin ladabi. In ya ce ɗalibai sun yi masa yawa, ku gode masa, ku nemi wani. Shirun mutum ba shi ne hukuncin Allah a kanku ba. Hausawa sun ce, da rashin tayi akan bar arha. Nehemiya ya yi tayi, Allah ya karkato zuciyar sarki, aka gama garun cikin kwana 52.

Mu yi addu'a. Ya Uba, kai da ka ba Nehemiya tagomashi a gaban sarki, ka ƙarfafa 'ya'yanka masu neman ilimi. Ka ba su hikimar shiri da ƙarfin halin tambaya, iliminsu kuma ya amfani ikkilisiya da ƙasarmu. Cikin sunan Yesu. Amin.