Lilon Da Ba Ya Ware Kowa

A birnin San Antonio na jihar Texas a Amurka akwai filin wasa mai suna Morgan's Wonderland, wanda aka buɗe a 2010. Gordon Hartman ne ya gina shi, bayan ya ga yara sun guje wa 'yarsa a wurin ninkaya saboda lalurarta.

Ni dai lilon da ke wurin ne ya fi taɓa mini zuciya. Yaron da ke kan keken guragu ba sai an cicciɓo shi ba. Da kekensa ake turo shi, a ɗaure ƙafafun keken, ya yi ta shillo kusa da ƙannensa, uwa na gefe tana tafi har da ƙwalla.

Masu buƙata ta musamman kuwa, ko sisi ba sa biya a ƙofa.