Ruwan da Garin Sama Ya Zubar, Mu Ne Muke Sha

Maganarmu ta yau a kan kogi ce, da abin da ake zuba masa kafin ya iso gare mu.

Yawancin ƙauyukanmu suna ƙasa da wani gari a bakin kogi ɗaya. Ruwan kwata, da jinin mahauta, da najasar da motocin kwashe masai suke juyewa a bakin rafi da dare, duk gangarowa suke yi. Da rani, sa'ad da kogi ya ja baya, ƙazantar ba ta samun ruwan da zai tsinka ta. A nan matanmu suke ɗiba, yaranmu suke wanka, masu lambu suke ban ruwa. Ta haka kwalara da taifod da tsutsar ciki suke shigo mana gida.

Abin ya taɓa faruwa a ƙasar Haiti. A watan Oktoba na 2010, najasa daga sansanin sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya ta shiga wani rafi da ke zuba a kogin Artibonite. Kwalara ta bi ruwan ƙauye bayan ƙauye, har ta kashe mutum kusan 10,000. A Nijeriya kuma, a 2021, an ƙidaya fiye da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu, sama da 3,500 suka rasu, akasarinsu a Arewa.

Wani zai ce tace ruwan ƙazanta sai babban birni, kamar matatar Wupa ta Abuja mai aiki da injuna da lantarki. Amma akwai hanyar da ƙaramin gari zai iya, wato tafkuna uku a jere. Na farko yana da zurfi, kamar mita uku; a ciki dauɗa mai nauyi take kwantawa ta ruɓe. Na biyu ya fi faɗi, zurfinsa kamar mita ɗaya da rabi. A nan gansakuka take samar da iskar da ƙananan halittu suke bukata don su cinye sauran dauɗar. Na uku bai wuce mita ɗaya ba, domin hasken rana ya ratsa ya kashe ƙwayoyin cuta. Ruwan yakan yi mako uku zuwa huɗu a wannan tafiya, ƙwan tsutsa kuma ya nutse a ƙasa. Ba a bukatar janareta. Fili da zafin rana ake so, kuma muna da su.

Sai dai tafkin da ba a kula da shi ya zama kududdufi. Dole a riƙa yanke ciyawar gefe saboda sauro, a kewaye wurin saboda yara da dabbobi, a kuma yashe tafkin farko bayan 'yan shekaru. Ruwan da ya fito ya isa ban ruwa da komawa kogi, amma ba na sha ba ne.

To, mene ne namu?

Na ɗaya, mu haɗa kai da dagaci da kansila mu tambayi ƙaramar hukuma: ina motocin kwashe masai suke juyewa? A ware musu wuri nesa da kogi.

Na biyu, in mun ga launin ruwa ya sauya, ko kifaye suna mutuwa, mu rubuta ranar, mu sanar da duba-gari.

Na uku, mu tuna akwai ƙauye a ƙasa da namu. Kowane gida ya haƙa masai, aƙalla mita 30 daga rijiya ko rafi.

Na huɗu, ruwan kogi a tafasa shi ko a sa masa kulorin kafin a sha. In zawo ya kama wani, a dama ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a riƙa ba shi a hanyar zuwa asibiti.

Allah ya ba mu lafiya.