Ɗan Kwikwiyo Ya Shigo Gida: Abin da Ke Kan Mai Kare

  

Maganarmu ta yau ta kare ce, musamman ɗan kwikwiyon da ake kawowa gida. A ƙasar Ɗanbatta gona na manne da gona, gida na jikin gida. Karen da Malam wane ya ajiye don gadin awakinsa, shi ne zai bi ta ƙofar maƙwabci, ya ratsa cikin yara a hanyar makarantar allo. Don haka lafiyarsa ta shafi unguwa baki ɗaya.

Malamanmu sun karantar da mu cewa an halatta ajiye kare don farauta, kiwo da gadin gona, sun kuma ba mu labarin wanda Allah ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Ashe duk wanda ya ɗauko kwikwiyo, amana ya ɗauko.

Da farko, kada a raba shi da uwarsa sai ya cika wata biyu. Kuma a san gidan da ya fito. Wanda yaro ya tsinto a juji, ko aka saya a hannun baƙo ranar Lahadi a kasuwa, ba a san abin da ke jikinsa ba. Daren farko da na biyu zai yi ta kuka, uwarsa yake nema, duka ba ya maganin wannan. A ware masa lungu mai inuwa kusa da turke, a shimfiɗa masa tsohon buhu, lokacin hunturu a kare shi daga iska. A ba shi kaskonsa na abinci da na ruwa, kada a haɗa da kwanukan gida.

Cikinsa ƙarami ne, sai a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, sau uku ko huɗu a yini. Tuwo zalla ba ya gina shi, a haɗa masa da ɗan kifi ko guntun nama. Kada a ba shi albasa, tafarnuwa ko goro, domin suna cutar da kare. Dafaffen ƙashin kaza kuma yana tsagewa ya soke shi a maƙogwaro ko hanji.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Tun yana ƙarami a saba masa da awaki da kaji, in ya bi su a tsawata masa nan take. A nuna masa wuri guda na kashi, a riƙa binnewa, saboda tsutsar cikinsa tana kama yaran da ke wasa da ƙasa. Iyaye mata, a hana yara jan wutsiyarsa ko taɓa shi yana cin abinci, kuma su wanke hannu da sabulu in sun yi wasa da shi. In kaska ko ƙuma ta kama shi, a nemi malamin dabbobi. Kada a fesa masa fiya-fiya ko maganin feshin gona, kashe shi zai yi.

Yanzu ga babbar maganar. Da zarar kwikwiyo ya cika wata uku, a kai shi a yi masa allurar rigakafin haukan kare, a karɓi takardar shaida, a kuma maimaita kowace shekara. A nan ƙasarmu ma ana haɗa allurar, a cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a Jihar Filato. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ciwo na kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, galibinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan huɗu cikin goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ta cikin yawun kare yake shiga, yakan yi wata biyu zuwa uku a ɓoye, har ciwon cizon ya warke a manta. Ranar da alamu suka bayyana, mutum ya fara tsoron ruwa, to magani ya ƙare. Ƙanƙantar kwikwiyo ba ta hana shi ɗaukar cutar.

Idan kare ya ciji mutum ko ya yage shi, a wanke wurin da ruwa da sabulu har tsawon minti 15. Kada a sa toka, barkono ko gashin karen. A kai mutumin Babban Asibitin Ɗanbatta a ranar, likitoci ne za su ce a yi masa allura a nan ko a tura shi Kano. Shi kuma karen a ɗaure shi, a sanar da malamin dabbobi ya sa masa ido kwana goma, amma wanda aka ciza ba zai zauna jiran kwana goman ba. Karen da ya sauya hali, yana dalalar da yawu, yana cizon duk abin da ya gani, ko ya yi lamo ba ya iya haɗiya, kada kowa ya matsa kusa da shi.

Masana sun tabbatar cewa in aka yi wa karnuka bakwai cikin goma rigakafi a yanki, cutar ba ta samun hanyar yaɗuwa. Ranka ya daɗe Dagaci, roƙonmu shi ne kowane mai unguwa ya rubuta gidajen da ke da kare, shugabannin 'yan farauta su tara nasu, a gayyaci malamin dabbobi ya zo rana guda. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da haukan kare ta duniya, mu yi ƙoƙari kafin ta zagayo babu karen da ya rage a garin nan ba allura.

Wanda ya ji ya faɗa wa wanda bai zo ba. Allah ya tsare mu da iyalanmu da dabbobinmu.