Dafin Kububuwa a Cikin Maganaɗisu



Duk wanda ya taɓa jinyar wanda kububuwa ta sara ya san abin da ke biyo baya: dasashi na zubar da jini, jinin kuma ya ƙi daskarewa. Masu wannan ɓarnar furotin ne da ke cikin dafin, kuma kowane furotin da siffarsa yake aiki. Matsalar ita ce ya yi ƙanƙantar da madubin likita ba ya ganinsa.

To, yaya ake gane siffarsa? Hanya ɗaya ita ce na'urar NMR. Ana narka furotin a ruwa, a zuba a siririn bututun gilashi, a zura shi cikin maganaɗisun da ya ninka na duniya sau dubu ɗari biyu ko fiye, wanda ake sanyayawa da ruwan hiliyom har digiri 269 ƙasa da sifili. Sai a harba masa igiyar rediyo, dangin wadda akwatin rediyonku ke kamawa. Ƙwayoyin zarra su amsa, kowacce da nata sautin, daga nan a lissafa wacce ke maƙwabtaka da wacce. Na'urar MRI ta asibiti ma a kan wannan ilimi aka gina ta. Kurt Wüthrich na Suwizalan da abokan aikinsa suka fara fitar da cikakkiyar siffar furotin ta wannan hanya a 1985, ya samu kyautar Nobel a 2002.

A 1991 aka yi wa echistatin wannan aikin, wani ɗan furotin mai amino asid 49 daga dafin 'yar'uwar kububuwarmu ta Asiya. Yana hana ƙwayoyin jini mannewa da juna, kuma da shi aka yi koyi wajen haɗa tirofiban, maganin da ake ba masu ciwon zuciya.

Yanzu ga 'ya'yanmu da suka kammala digirin digirgir a kimiyyar sinadarai ko ta halittu kuma suke son shiga irin wannan bincike, musamman malaman Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa da Jami'ar Tarayya ta Dutse. Akwai matakin bincike na bayan digirgir. Ba wani sabon digiri ba ne. Aiki ne galibi na shekara ɗaya zuwa uku a ƙarƙashin gogaggen masani, ana biyan ka. Gidauniyar Humboldt ta Jamus na da tallafin Georg Forster don masana daga ƙasashe masu tasowa, wata 6 zuwa 24, ga wanda bai wuce shekara 4 da kammalawa ba. Cibiyar TWAS da ke Italiya kuma na tura masu bincike cibiyar ICCBS ta Jami'ar Karachi a Pakistan, inda ake da irin waɗannan na'urori na NMR.

Shawarata, kada ka aika wa farfesoshi talatin wasiƙa iri ɗaya. Suna gane ta tun daga layin farko. Ka karanta aikin mutum guda, ka rubuta masa da tambayarka. Su na'ura gare su, mu kuma kububuwa, tsargiya da zazzaɓin cizon sauro na nan a fadamarmu ta Haɗeja, kowanne da furotin ɗin da ke jiran mai bincike. Ka kuma nemi amincewar wanda zai karɓe ka tun da wuri, don Humboldt da TWAS duka sai da ita suke duba takarda.