Amsa ga Dattijon Bakura Mai Cigiyar Abokin Karatunsa

Wasiƙarmu ta yau daga Bakura ta fito, daga wani dattijo, tsohon malamin firamare, wanda ya roƙi mu sakaya sunansa. To Malam, mun sakaya.

Ya ce shi da abokansa sun yi Kwalejin Horon Malamai ta Maru, suka fito daidai lokacin da aka fara shirin ilimin firamare kyauta a 1976, aka rarraba su ƙauyuka. Yau duk sun yi ritaya. Ɗaya yana sayar da taki da irin shuka a kasuwar Talata Mafara. Ɗaya ya koma noman shinkafa a filayen ban-ruwan Bakolori. Shi kuwa mai wasiƙar limancin masallacin unguwa yake yi, da kiwon tumaki uku. Amma akwai na Maradun, wanda suka kwana ɗaki ɗaya shekara da shekaru, rabonsa da jin muryarsa tun 2021, lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara, aka kuma rufe kasuwannin mako. Da layi ya dawo, lambar ba ta ƙara shiga ba. An ce masa mutumin ya tashi daga ƙauyensu, kuma idonsa ya yi yana. "Ina tsoron," in ji shi, "in ji labarinsa bayan an share makoki."

Malam, mun ji, kuma wasiƙarka ta sosa mana inda yake yi mana ƙaiƙayi. Mu ma nan da yawanmu ba ma haɗuwa da abokan karatu sai a wurin jana'iza.

Abu na farko, kada ka dogara da waccan lamba. Layin da ya daɗe ba a aiki da shi, kamfani kan karɓe shi ya ba wani. Ranar Talata ka shiga mota ka je kasuwar Mafara, ka zauna a rumfar abokin naka mai taki. Mutanen Maradun suna cin wannan kasuwa. Ka tambayi direbobi a tasha, ka tambayi masu awo. Kada ka yi cigiya da sunan da ke rajistar makaranta, ba wanda zai gane. Ka ce Malam wane da ya koyar a gari kaza. Wanda ya yi shekara 35 yana riƙe alli ba ya ɓacewa. Ko mai faci ka tsayar, ƙila ɗalibinsa ne. Sai dai ka yi sammako, ka kuma kamo hanyar gida kafin la'asar ta yi sanyi. Ka san hali.

In Allah Ya haɗa ku, maganar idon nan a kama ta da hannu biyu. In dai yana ce, aiki ake yi a asibiti a cire ta, mutum ya koma yana karanta Alƙur'aninsa. Amma kul kuka bari masu sokar ido da tsinke a gida suka taɓa shi. Da yawa sun ga haske na ɗan lokaci, daga baya idon ya tafi gaba ɗaya.

Ka kuma tambaya, wai ba abin kunya ba ne hedimasta guda ya zauna yana awon taki da kwano? Haba Malam! Ina kunyar take? Ku da kuka fito daga Maru, inda Malam Aminu Kano ya koyar kafin ya ajiye aiki a 1950, ai ku ya kamata ku fi kowa sanin darajar talaka mai neman na kansa. Ni dai a ganina, manomi ya yi dace da mai shagon da zai iya karanta masa abin da ke rubuce a jikin buhu da kwalbar feshi.

Sauran shawara: ku sayi littafi na kwabo-kwabo, ku rubuta sunan duk ɗan ajinku da ke raye, da garinsa, da lambar ɗansa ko jikansa, ba tasa kaɗai ba. A ajiye littafin a rumfar nan ta Mafara. Duk wanda ya ji an kira tantance 'yan fansho, ya sanar da saura, a tafi tare, mai ƙarfi ya riƙe hannun mai rauni. Katin banki kuwa da lambarsa ta sirri, kada a damƙa wa yaron da ba a sani ba.

Ku kuma jama'ar Maradun da kewaye, duk wanda ya san wani tsohon malami ɗan Kwalejin Maru, dogo, mai ciwon ido, wanda ya baro ƙauyensu a 2021, don Allah ya gaya masa abokin ɗakinsa na Bakura yana cigiyarsa. Ya aiko da saƙo rumfar masu taki a kasuwar Talata, ko ya rubuto mana, mu isar.

Malam, in kun haɗu ka sake rubutowa, muna jira. Sai wasiƙa ta gaba.